Lafiyar Iyali: Idan Sikeli Ya Ƙi Motsi

  A wannan fitowa za mu yi magana ne a kan wani al'amari da ke karya gwiwar mutane da yawa daga cikin waɗanda likita ya umarta su rage ƙiba. Mutum ya rage ci, ya ga nauyinsa yana sauka wata biyu, wata uku, har ya fara murna, sai wata rana sikeli ya tsaya cak a wuri guda, alhali shi a ganinsa bai fasa komai ba.

Abin da ya jawo wannan magana a cikin gidanmu ya faru. Muna da wata yaya, ɗiyar baffanmu, uwar ƴaƴa shida, wadda mahaifiyarta ta yi shekaru tana fama da ciwon sukari har ya taɓa mata idanu kafin rasuwarta. Da yayar tamu ta je asibiti aka auna ta, aka tarar nauyinta ya kai kilo 92, sukarin jininta kuma ya fara hawa, ga hawan jini, wato abin da muka fi sani da tansiyo. Likita ya ce ta rage nauyi tun abin bai zama ciwo ba. Ta ɗaura ɗamara, ta shiga abin da mata ke kira rejim: ta rage tuwo, ta bar lemun kwalba, ta daina cin dare mai nauyi. Cikin wata biyar ta sauke kilo 8. Daga nan sai abu ya tsaya. Mako shida cur sikeli yana nuna mata 84.

Ranar da muka je gaishe ta muka iske ranta a ɓace. Ta ce mana: "Ƙanena, ni fa na gaji. Yunwar nan da nake sha ta banza ce. Ko dai in sayi shayin nan na rage ƙiba da ake talla, ko in koma cin abincina in huta." Muka ba ta haƙuri, muka ce: "Yaya, ki ba mu mako biyu mu bincika kafin ki yanke shawara." Abin da muka samo shi ne za mu baje muku a nan, domin mun san ba ita kaɗai ba ce.

Me ya sa farko yake da sauƙi?

Kalori shi ne mudun da ake auna ƙarfin da abinci ke ba jiki. Giram ɗaya na mai yana ɗauke da kalori 9, giram ɗaya na sukari ko garin hatsi kalori 4, haka ma furotin, wato abin gina jiki da ke cikin nama da wake da ƙwai. Kilo ɗaya na kitsen jiki kuwa ajiya ce ta kimanin kalori 7,700. Ke nan wanda ya rage kalori 500 a kullum daga abin da jikinsa ke ƙonawa, sai ya yi wajen mako biyu kafin ya narkar da kilo guda na kitse.

To amma me ya sa a makon farko wasu ke sauke kilo 2 ko fiye? Dalili shi ne jiki yana da wata ƙaramar ajiya ta sukari a cikin hanta da tsoka, wadda ba ta wuce rabin kilo ba, kuma kowane giram nata yana riƙe da ruwa kimanin giram 3. Da zarar an rage ci, wannan ajiya ce ake fara taɓawa, ruwanta ya bi fitsari ya fita. Saboda haka yawancin saukar makon farko ruwa ne. Wanda ya ɗauka haka abin zai ɗore, ya sa wa kansa ran abin da ba zai samu ba. Likitoci sun daɗe da lura cewa mafi yawan masu rage ƙiba saukarsu takan tsaya ne a wajen wata na shida. Abu ne sananne, kuma yana da dalilai uku.

Dalili na farko: jiki ya rage awo

Duk wanda ya tashi a karkara ya san halin magidanci idan ya leƙa rumbu ya ga hatsi ya yi ƙasa, damina kuma da saura. Ba ya jira rumbu ya ƙare. Rage awon da yake fitarwa kullum yake yi, tiya uku ta koma biyu da rabi. Haka jikin ɗan Adam yake. Bai san cewa da gangan aka rage masa ci ba, abin da ya sani kawai ajiya tana raguwa, sai ya shiga tsimi.

Tsimin nan ta fuska biyu yake zuwa. Ta ɗaya a fili take: jikin da ya ragu da kilo 8 ba ya buƙatar abincin da yake buƙata a da, kamar yadda jakin da aka rage wa kaya ba ya wahala kamar wanda aka laftawa. Kusan kashi biyu cikin uku na abin da muke ƙonawa a yini yana tafiya ne wajen aikin zuciya da ƙwaƙwalwa da hanta da numfashi, ko da muna kwance, kuma wannan kaso yana raguwa idan jiki ya ragu. Fuska ta biyu kuwa ɓoyayya ce: jiki yakan rage ƙona abinci fiye ma da abin da raguwar nauyin ta wajabta. A 1995 masu bincike a Jami'ar Rokafela da ke birnin Niyok suka nuna haka a kan mutanen da suka sauke kashi 10 cikin 100 na nauyinsu, kuma bincikensu na baya ya kiyasta cewa irin wannan mutum yana buƙatar kalori 300 zuwa 400 ƙasa da wanda suke nauyi ɗaya amma bai taɓa yin ƙiba ba.

Tun kafin nan, a 1944 zuwa 1945, wani masani mai suna Ancel Keys ya yi gwaji a Jami'ar Minesota ta Amurka da samari 36 da suka yarda a rage musu abinci da kusan rabi har tsawon mako 24. Sun rasa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu, abin da jikinsu ke ƙonawa a lokacin hutu ya faɗi da kusan kashi 40 cikin 100, suka zama masu kasala da jin sanyi da saurin fushi, ba su da zance sai na abinci. Darasi biyu ke cikin wannan. Matsananciyar yunwa tana sa jiki ya ƙara ƙanƙame ajiyarsa. Amma kuma duk da tsimin, samarin sun rame, wato tsimi yana rage gudun sauka ne, ba ya ƙirƙiro kitse daga babu.

Dalili na biyu: yunwa ta ƙara ƙarfi

Kitsen jiki yana fitar da wani sinadari mai suna leftin, wanda aka gano a 1994, aikinsa ya shaida wa ƙwaƙwalwa cewa akwai ajiya. Tumbi kuma yana fitar da wani mai suna girelin, wanda masu bincike a Japan suka gano a 1999, shi ne mai tada yunwa. Idan kitse ya ragu leftin yakan yi ƙasa, girelin ya yi sama. Wani bincike da aka yi a birnin Melbon na Ostareliya, aka buga a 2011, ya nuna cewa shekara guda bayan rage nauyi waɗannan sinadarai ba su koma yadda suke a da ba. A 2016 kuma masu bincike a Amurka suka kiyasta cewa duk kilo ɗaya da mutum ya sauke, sha'awar cinsa takan ƙaru da kimanin kalori 100 a yini, alhali abin da jikinsa ke ƙonawa yana raguwa ne da 20 zuwa 30 kawai. Ashe ke nan yunwa ta fi tsimi ɓarna. Wanda ya ji cikinsa ya ƙara kira bayan ya rame, kada ya zargi kansa da kwaɗayi. Halitta ce, sai dai a san yadda za a zauna da ita.

Dalili na uku: loma ba ta da rajista

A 1992 likitoci a Niyok suka ɗauki mutum 10 da suka ce suna cin ƙasa da kalori 1,200 a yini amma ba sa ramewa, suka auna su na tsawon mako biyu. Suka tarar jikinsu yana ƙona abinci daidai yadda ya kamata. Abin da ya faru shi ne lissafin abin da suka ce suna ci ya gaza na gaskiya da kashi 47 cikin 100, lissafin motsa jikinsu kuma ya zarce na gaskiya da kashi 51. Mutanen nan ba ƙarya suka shirya ba, mantuwa ce irin ta kowa.

A gidajenmu abin ya fi wuya, domin a kwano ɗaya muke ci, ba wanda ya san lomarsa nawa. Uwargida tana ɗanɗana miya, tana cinye ragowar yara don kada a zubar, maƙwabciya ta aiko da fanke, gobe suna, jibi biki. Ga shayi zagaye uku bayan azahar, wani kuma da dare. Mu yi lissafi da yayar tamu. A ce da farko ta rage kalori 500 a yini. Saukar kilo 8 ta cinye kimanin 200 daga ciki, saura 300. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa kalori 120 ne. Cikin tafin hannu na soyayyar gyaɗa, giram 30, kimanin 170 ne. Ƙwayar sukari ɗaya ta kwali kimanin 20 ce. An haɗa 310. Abubuwa uku da ba wanda zai kira su abinci sun rufe giɓin gaba ɗaya, sikeli ya tsaya.

Mene ne abin yi?

Na ɗaya, a tabbatar tsayuwar ta gaskiya ce. Nauyin mutum yana iya hawa ko sauka da kilo 1 zuwa 2 tsakanin yau da gobe saboda ruwa, ko gishiri, ko taurin ciki, ko gabatowar al'ada ga mata. A riƙa hawa sikeli ɗaya, sau ɗaya a mako, da safe bayan an zaga, kafin a karya kumallo. A haɗa da auna ƙugu da tef ɗin tela, daidai saitin cibiya, domin wani lokaci ƙugu yana raguwa sikeli bai nuna ba. Ma'auni mai sauƙin riƙewa shi ne kada faɗin zagayen ƙugu ya kai rabin tsawon mutum: mai tsawon santimita 160, ƙugunsa ya kasance ƙasa da 80. Sai an yi mako huɗu babu canji a sikeli, babu a tef, sannan a ce an tsaya.

Na biyu, a rubuta duk abin da ya shiga baki har kwana bakwai, a lokacin da aka ci, ba da dare ba. Wanda bai iya boko ba ya rubuta da ajami, wanda bai iya ko ɗaya ba ya sa ɗansa ɗan makaranta. A wannan mako a zuba nasa a kwano daban. A auna mai da cokali maimakon tuttulawa daga kwalba, a ƙirga ludayin fura, a ƙirga ƙwayar sukari.

Na uku, a fara da abin sha da mai kafin a sake taɓa tuwo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya wuce kashi 10 cikin 100 na kalorin yini, wato kimanin giram 50 ga babba. Kwalbar lemu ta santilita 33 tana ɗauke da wajen giram 35. Mai shan shayi zagaye uku sau biyu a yini, idan kowane kofi ya ɗauki kwatankwacin ƙwaya 2, ya sha ƙwaya 12, wajen giram 60, kalori 240. Soɓo da kunun zaƙi da madarar gwangwani mai sukari duk suna cikin wannan lissafi. Abin sha mai zaƙi ba ya ƙosarwa, shi ya sa rage shi bai cika ƙara yunwa ba.

Na huɗu, a cika ciki da abin da ke riƙe shi. Wake, ƙwai, kifi, nono marar sukari, awara, nama marar kitse, su ne ke daɗewa a ciki, su ne kuma ke kare tsoka, domin kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da mai rage nauyi ke rasawa ba kitse ba ne. Ƙwai ɗaya dafaffe kalori 75 ne ko ƙasa da haka, ga furotin giram 6. A yawaita zogale da rama da yakuwa da kabeji da kuɓewa, amma a kula da ƙuli-ƙuli da man da ake kwaɗo da su. Rabin kwano ganye, kwata wake ko kifi, kwata tuwo. Mai ciwon ƙoda kuwa kada ya ƙara furotin sai da izinin likita.

Na biyar, a ƙara motsi. Mai rage ci yakan rage zirga-zirga bai sani ba: inda yake takawa a da, yanzu sai ya hau kabu-kabu ko ya aiki yaro. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2020 ta ce babba ya yi minti 150 zuwa 300 a mako na motsi mai ɗan sa haki, kamar tafiya da sauri, ya kuma yi aikin da ke ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako. Daka, jan ruwa, noman lambu, tashi da zama daga kujera sau goma-goma, duk suna ciki. Matan da ba sa fita suna iya zagaya tsakar gida da sanyin safiya ko bayan magariba. Sai dai kada a ɗauki motsi lasisin ƙara ci: tafiyar rabin awa da sauri ga mai kilo 80 ba ta wuce kalori 150 ba, kwalbar lemu ɗaya ta mayar da ita.

Na shida, a ba barci haƙƙinsa. A Jami'ar Shikago, a 2010, an sa mutum 10 a kan abinci iri ɗaya mai ƙarancin kalori, mako biyu suna samun awa takwas da rabi a shimfiɗa, wani mako biyun awa biyar da rabi. A lokacin gajeren barci kitsen da suka sauke ya ragu da fiye da rabi, yunwarsu kuma ta ƙaru. Mai tashi da asuba, idan ya kai ƙarfe ɗaya yana hira ko yana latsa waya, ya cuci kansa.

Abubuwan da za a kiyaya

Kada tsayuwar sikeli ta sa mutum ya ƙara matse kansa har ya koma cin sau ɗaya tak ko shan ruwan zafi da lemun tsami. Cin ƙasa da kalori 800 a yini ba a yin sa sai a ƙarƙashin kulawar likita, kuma saurin rama yana jawo tsakuwa a maɗaciya. Mai ciki da mai shayarwa da yaro mai tasowa ba su shiga wannan tsari da kansu. Mai shan maganin sukari ko allurar insulin, idan ya rage ci bai shaida wa likita ba, sukarinsa yana iya faɗuwa har ya suma.

Shayin rage ƙiba da ake talla, yawancinsa maganin zawo ne ko mai sa yawan fitsari. Ruwa yake fitarwa, sikeli ya sauka yau, ya dawo jibi, a bar mutum da raunin jiki. Akwai allurai na gaskiya da suka fito, irin su semagulutayid wanda aka amince da shi a Amurka don rage ƙiba a 2021, amma likita ne ke rubuta su, suna da tsada, su ma saukarsu tana tsayawa bayan shekara guda da wani abu, kuma bincike ya nuna waɗanda suka daina sun mayar da kusan kashi biyu cikin uku na abin da suka sauke cikin shekara ɗaya.

Azumi ma, ko na Ramadan ko na nafila, ba ya sauke nauyi idan buɗa-baki ya mayar da abin da yini ya rage. Abin da aka gani a bincike shi ne mutane sukan sauke wajen kilo ɗaya a watan, ya dawo ƴan makonni bayan salla.

Idan an gyara duk waɗannan wata biyu babu canji, ko kuma akwai kasala mai yawa da jin sanyi da kumburin ƙafa ko rikicewar al'ada, a koma asibiti. Raunin halittar nan ta gaban wuya wadda idan ta kumbura ake kira maƙoƙo yana iya hana sauka. Wasu magunguna ma suna ƙara nauyi, musamman dangin deksametazon, waɗanda wasu mata ke saya da gangan don su yi ƙiba, abin da ke jawo sukari da hawan jini. A kai wa likita duk kwalayen maganin da ake sha, kada a daina ko ɗaya da ka.

Kira ga magidanta da dangi

A wurinmu har yanzu idan matar aure ta faɗa, sai a fara tsegumi, a ce ko mijin ne ba ya riƙe ta da kyau. Wannan magana ta mayar da mata da yawa gidan jiya. Maigida, kai ne za ka fara kare ta a gaban danginka da nata. Idan an rage mai da sukari a tukunya, a rage wa kowa, domin ɗiyan mai ciwon sukari su ma suna cikin haɗari. Kada a dafa mata nata daban kamar marar lafiya, kowa yana cin soye tana kallo.

Mu koma ga yayarmu. Da ta rubuta na mako guda, ita da kanta ta yi dariya: sukarin shayi, gyaɗar da take ɓarewa tana hira, da ragowar shinkafar auta. Ta gyara waɗannan uku, ta ƙara wake da zogale, ta shiga zagaya gida bayan asuba. Cikin wata biyu ta sauke kilo 2, ba irin gudun farko ba. Amma abin da ya fi kwantar mata da hankali lissafin da likitanta ya yi mata ne. Wani babban bincike a Amurka da ya ƙunshi mutum fiye da 3,000 masu sukarin da ya fara hawa, aka buga a 2002, ya nuna cewa waɗanda aka ɗora a kan sauke kashi 7 cikin 100 na nauyinsu tare da tafiyar minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu da ciwon sukari ya ragu da kashi 58 cikin 100. Kilo 8 daga 92 ya kusa kashi 9. Wato a ranar da take cewa wahalarta ta banza ce, ta riga ta wuce inda ake so ta kai. Likita ya ce ko da ta tsaya a 82, in dai ta riƙe shi, ta yi babban aiki.

Saboda haka, ɗan'uwa ko ƴar'uwa da sikeli ya tsaya wa, kada ka dubi kilon da ya rage kaɗai, dubi wanda ka sauke, ka riƙe shi da kyau, ka je a auna maka sukari da jini. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Allah Ya ƙara mana lafiya da zama lafiya, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Mai tambaya ko ƙarin bayani ya aiko ta hannun masu kula da wannan mujalla. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.